Hawainiya a Kejin Ɓera

Bahaushe bai taɓa kiwon hawainiya ba, amma ya yi mata ubangida a karin magana. In wani ya fara shiga maka hanci, sai ka ce masa hawainiyarsa ta kiyayi ramarka, kai ka ce kowa yana da tasa ɗaure a bayan ɗaki. A wasu ƙasashe maganar ta tabbata. A Jamus da Ingila da Amurka ana sayar da ita a shago, galibi irin ta Yaman mai doguwar hula a ka, ko ta Madagaska mai ja da shuɗi. Tamu ta yankin nan ma an yi ta kwasarta daga Togo da Benin da Gana ana kai musu. A can ne tambayar ta fi yawa: yaro ya yi kiwon ɓera, ɓeran ya mutu, keji yana ajiye, ko za a wanke shi a sa hawainiya? Tambayar ta iso gidanmu ran da ɗan ƙanwata, wanda ɓerayen Masar ɗinsa suka ƙare, ya tsinci wata a jikin zogale ya ɗauko ta a kan kara. Ya ce, "Kawu, ga keji nan a banza. Kuma ita ai ba sai an ciyar da ita ba, iska take ci."

Wannan magana ta iska ita na fi so a duk abin da ake faɗa a kanta, kuma ita ce ta fi kashe ta. Ba mu kaɗai muka yarda da ita ba. Filini, masanin nan na Rum da ya mutu a shekara ta 79, haka ya rubuta, Turawa kuma suka yi ta maimaitawa ɗaruruwan shekaru. Ban ga laifin kowa ba, don duk shaidar ido tana goyon bayansu. Za ka same ta a kan reshe baki buɗe, ta daɗe a haka, ba ta tauna komai. In ka matsa kusa sai ta kumbura, ta yi faɗi, ta yi huci. Huhunta babba ne, yana da 'yan jakunkuna da suka miƙa har cikin cikinta, shi ya sa take iya cika jikinta da iska don ta tsorata abokin gaba. Buɗe bakin kuma ko zafi ne ya dame ta ko fushi take yi da kai. Ƙari a kan haka, tana iya yin kwanaki ba ta ci ba, ba kuma za ka ga alama a jikinta da wuri ba. Wanda ya ɗaure ta a ƙirare mako guda ya ga tana nan da rai, me zai hana shi rantsuwa?

Abin da ido ke rasawa shi ne cin kansa. Harshenta ya kan kai tsawon jikinta biyu, kuma fitarsa ta fi ƙiftawar ido sauri. Na taɓa zama a bakin wata gonar rama da hantsi ina kallon wata, ga ɗan fara a gabanta a kan ganye. Na waiwaya don wani ya yi mini sallama, da na juyo babu fara, ita kuwa tana lumshe ido tana motsa muƙamuƙi kamar ba ta san zancen ba. Tun daga ranar nake ganin mai rama ya yi wa kansa asara a karin maganar nan. Wadda yake kora ita ce ke rage masa fara da tsutsa, ba ta kuma karɓar ko sisi.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma babu wanda maganar ta dace da shi kamar ita. A 1977 a Ingila an sa wa hawainiya ɗan tabarau, ba wasa ba, don a gane yadda take auna nisa. Da gilashin ya sauya mata gani, sai harshen ya riƙa faɗuwa gaban ƙwaro ko bayansa. Ashe da saita ido take gane tazara kafin ta harba.

To, wadda ke cin abu mai rai, a nan kejin ɓera ya fara ba da kunya. Ɓera daga kwano yake ci, dawa ko dusa, kuma dusa ba ta gudu. Hawainiya sai gyare da fara da ƙuda da shinge, kuma sai suna motsi take kula su. Tsakanin sandunan kejin ɓera akwai tazarar santimita ɗaya zuwa biyu ko fiye. Ka zuba gyare ashirin da safe, kafin azahar suna ƙarƙashin gado suna yi maka kuka. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Masu kiwonta suna magance wannan da kofi mai zurfi mai santsi da suke ɗaurewa a jikin reshe, ko su lulluɓe kejin da ragar sauro ta waje. Ta waje na ce, don raga mai ƙananan idanu tana cire mata farce in ta yi ta hawa. A nan kam sandunan kejin sun yi rana, ƙafarta tana kama su da kyau, iska kuma tana ratsawa ta ko'ina, abin da akwatin gilashi ba ya bayarwa. Iskar da ba ta ci tana bukatarta ga numfashi, wuri mai ɗumi a toshe yana sa mata ciwon huhu.

Sha ma haka. Kwalbar nan mai bakin ƙarfe da ɓera ke tsotsa ba ta da amfani a gare ta, kwano ma da wuya ta dube shi. Raɓa ta sani da ɗigon ruwa a kan ganye. Sai an fesa wa ganyen ruwa safe da yamma, ko a huda gorar roba a ɗora a sama ta riƙa ɗiga. Keji kuwa da aka ƙera don busasshen wuri, in ya sha feshi kullum, tsatsa ce za ta biyo baya. Katakon da fitsarin ɓera ya jiƙa ba ya wankuwa, zarnin yana ciki, sai dai a ɓalle shi a yar, tare da benaye da tsani da keken gudun nan da ake sa musu. Bayan an cire duk wannan, an goge ƙarfen, an shanya a rana, an biya mai walda ya ƙara tsayi, sai mutum ya tuna araha ba ta ado.

Tsayin shi ne babbar magana. Ɓera ɗan ƙasa ne, faɗi yake so da lungu. Hawainiya tana jin tsoro in tana ƙasa da idon mai kallonta. Masu kiwon babban namijin ta Yaman suna ba shi keji mai faɗin santimita 60 da tsayin 120, su kuma ɗora shi a kan tebur. Kejin ɓeran Masar, wanda duk tsayinsa bai wuce gwiwa ba, in ba a tayar da shi tsaye ba babu abin da za a yi da shi. Dogayen kejin manyan ɓeraye masu hawa sun fi kusa da dacewa. A cika shi da rassa masu kauri daban-daban da tukunyar shuka mai ganye sosai, yadda in ka leƙa sai ka neme ta. Kuma ita kaɗai. Ɓeraye suna kwana a kan juna, hawainiya biyu a keji ɗaya ɗayar za ta daina ci.

Muna yara an ce mana tana tafiya a hankali ne don ta riski duniya tun ƙasa tana ɗanya, har yau ba ta yarda ta yi ƙwari ba. Yarabawa suna da makamancin wannan, a wurinsu ita aka aiko ta duba ko ƙasa ta bushe a Ife. Zulu kuwa sun ɗora mata laifin mutuwa, wai an aike ta da albishir ɗin mutane ba za su mutu ba, ta tsaya nawa a hanya har ƙadangare ya riga ta da saƙon mutuwa. Masana sun ce rangajin da take yi in tana tafiya kwaikwayon ganye ne a cikin iska, don shaho ya wuce. Na fi son namu, ko da yake na ga wata da damina tana tsallaka titi da saurin da zai ba masu cewa aiki yana tafiyar hawainiya mamaki. In ta ga dama ƙasa ta yi ƙwari.

Zancen rikiɗa ba zan ja shi ba. Ba ta ɗaukar launin rigarka, ko ka sa mata atamfa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba sun nuna cewa a cikin fatarta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, in ta matse su ko ta sake su sai hasken da ke dawowa ya sauya. Zafi da sanyi da fushi da neman mace su ne ke juya ta. Ga mai keji wannan ya fi komai amfani, don jiki magayi. In ta wuni baƙi ƙirin ba sanyi ake yi ba, wurin ne bai yi mata ba. Da dare kuwa ta kan yi fari-fari a ƙarshen reshe, kada ka ɗauka ciwo ne, barci take.

Bature sai ya sayi fitila ta musamman, don in babu wani sashe na hasken rana jikinta ba ya sarrafa kalsiyam, ƙasusuwa su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. Gilashin taga yana tare wannan hasken. Mu rana kyauta ce, amma ranar bazara a kan ƙarfe tana iya kashe ta kafin la'asar. Hantsi ya isa, rabin kejin a inuwa. Da dare a kula da kyanwa, da ɓerayen gida ma, waɗanda ke iya cin yatsunta ta tsakanin sanduna tana barci.

Sai batun haihuwa. Wata gwaggona ta rantse hawainiya ba ta haihuwa sai ta faɗo daga bishiya cikinta ya fashe. Akwai irin da ke haifar 'ya'ya da rai, kamar mai ƙaho uku ta Kenya, amma tamu ƙwai take yi. Saukowa take ta haƙa rami, ta zuba su da yawa, ta binne, ta koma sama a rame ƙwarai, cikin ya shafe. Wanda ya gan ta jiya a cike ya gan ta yau haka, dole ya nemi bayani. Macen ta Yaman tana yin ƙwai ko babu namiji, talatin ko fiye a zubi ɗaya. Farantin roba na gindin kejin ɓera ba ya haƙuwa, in kuma ba ta sami inda za ta haƙa ba sai ta riƙe ƙwan har su kashe ta. Don haka a gindin kejin mace ana ajiye bokiti cike da yashi mai danshi, zurfinsa kamar santimita 20 zuwa 30, kuma in ta fara haƙa a daina leƙe, don in ta ga ana kallonta sai ta bar ramin.