Laccar Jama'a da Baƙo Mai Jawabi a Kwalejin Ilimi

1.0 Gabatarwa

Da wuya zangon karatu ya wuce a kwalejin ilimi ba a manna sanarwa cewa wani masani zai zo ya gabatar da lacca ba. Ranar taro sai a ga ɗaki ya cika maƙil. Amma idan aka tare ɗalibi a bakin ƙofa bayan an tashi, aka tambaye shi abin da baƙon ya ce, galibi amsarsa ba ta wuce "ya yi ƙoƙari" ko "ya iya magana". A wannan babi za a bayyana ma'anar laccar jama'a da ire-irenta da tsarinta, sannan a nuna cewa rabin amfaninta yana wuyan mai sauraro ne, musamman wanda ake horarwa domin aikin koyarwa.

2.0 Ma'ana da Ire-ire

Laccar jama'a jawabi ne na ilimi wanda masani kan shirya a kan batu guda, ya gabatar a gaban taron da aka buɗe wa kowa. Ta bambanta da laccar aji ta fuskoki uku: ba ta cikin jadawalin kwas, ba a yin jarrabawa a kanta, kuma masu sauraronta ba 'yan fanni ɗaya ba ne. Fitattun ire-irenta su ne:

(a) Laccar ƙaddamarwa, wadda malamin jami'a kan yi bayan ya zama farfesa, ya bayyana gudummawarsa ga fanninsa.
(b) Laccar bikin yaye ɗalibai, wadda akan gayyato wani fitacce ya yi.
(c) Laccar tunawa da wani magabaci.
(d) Laccar ƙungiyoyin ɗalibai, irin wadda akan yi a Makon Hausa.
(e) Taron ƙara wa juna sani na sashe, inda ake gabatar da maƙala a tattauna ta.

Karɓar baƙon malami tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya zo daga Arewacin Afirka, ya zauna a Kano da Katsina yana karantarwa, har ya rubuta wa sarki littafi a kan haƙƙoƙin da ke kan masu mulki. Abin da zamani ya kawo shi ne tsari da ƙayyade lokaci.

3.0 Tsarin Taro

Akwai mutane huɗu da taron lacca ke tafiya a kansu. Shugaban taro shi ke buɗewa, ya gabatar da baƙo, ya tsare lokaci. Mai jawabi shi ke gabatar da maƙala. Mai ta'aliƙi masani ne da aka ba maƙalar tun kafin ranar, domin ya fito da ƙarfinta da rauninta. Na huɗu shi ne marubucin taro, mai tattara abin da aka faɗa. Bayan ta'aliƙi sai a buɗe filin tambayoyi. Wannan fili shi ne zuciyar taron, domin a nan ne ake gwada maganar masani a bainar jama'a. Abin takaici, sau da yawa jawaban maraba da gaishe-gaishen manyan baƙi kan cinye lokacinsa.

4.0 Matsayin Mai Sauraro

Tarihin kimiyyar harshe ya ba mu misalai biyu da ke nuna nauyin mai sauraro. Na farko shi ne na Ferdinand de Saussure, wanda ake ɗauka uban kimiyyar harshe ta zamani. Ya koyar da darussan gamammiyar kimiyyar harshe sau uku a Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan tsakanin 1907 da 1911, ya rasu a 1913 bai mayar da su littafi ba. Abokan aikinsa biyu, Charles Bally da Albert Sechehaye, su ne suka tattara rubuce-rubucen da ɗalibansa suka yi a lokacin da yake magana, suka fitar da littafin a 1916. Ke nan da ɗaliban nan sun tsaya ga sauraro kawai, da ilimin ya bi mai shi kabari.

Misali na biyu na baƙo ne. A 1955 aka gayyaci J. L. Austin daga Jami'ar Oksfod ta Ingila ya gabatar da jerin laccoci a Jami'ar Harbad ta Amurka. A cikinsu ya nuna cewa akwai furucin da shi kansa aiki ne, ba labarin aiki ba. Alal misali, idan waliyyi ya ce "na ba shi" a wurin ɗaurin aure, wakilin ango ya ce "na karɓa", da waɗannan kalmomi aka ƙulla auren. Austin ya rasu a 1960, aka buga laccocin a 1962 daga takardunsa, tare da taimakon abin da masu sauraro suka rubuta. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Abin da aka rubuta shi ke saura bayan ya tafi.

5.0 Tantance Maganar Baƙo

Rubutawa kaɗai ba ta wadatar ba. Girman muƙamin mai jawabi ba hujja ba ne, kuma masani a wani fanni yana iya yin kuskure idan ya shiga fannin da ba nasa ba. Mu ɗauka wani baƙo ya ce Hausa daga Larabci ta fito, ya kafa hujja da kalmomi irin su littafi da alƙalami da alƙali da sunayen ranakun mako. Ɗalibin Hausa ya kamata ya tambayi kansa: waɗannan kalmomi na gado ne ko na aro? Idan ya duba zai ga sun shigo ne ta hanyar addini da karatu da shari'a, alhali kalmomin asali irin su ido da kai da ruwa da wuta ba su yi kama da na Larabci ba.

Rabe-raben harsunan Afirka da Joseph Greenberg ya kammala a 1963 ya sanya Hausa cikin harsunan Cadi, tare da Bolanci da Karekare da Ngizim da Angas. Harsunan Cadi kuwa reshe ne na babban dangin Afro-Asiya, wanda Larabci ma yake cikinsa ta wani reshe daban. Shi ya sa ake samun kamanni na gado, kamar kalmar mutu da harafin t na tamata. Wato Hausa da Larabci 'yan uwa ne na nesa, ba uwa da 'ya ba. Ɗalibin da ya haɗiye maganar farko ba tare da bincike ba, gobe zai tsaya gaban yara hamsin ya faɗa musu, su kuma ba su da ikon musa masa. Ta haka kuskuren awa guda kan rayu shekara da shekaru.

6.0 Matakan Cin Gajiyar Lacca

(a) Kafin taro: a karanta wani abu game da batun da kuma ayyukan mai jawabi.
(b) Lokacin taro: a rubuta jigon maganar da hujjojinta da misalanta, a bar ƙoƙarin kwafe kowace kalma. A raba tsakanin abin da ya kawo wa hujja da abin da ra'ayinsa ne.
(c) Lokacin tambaya: a yi sallama, a faɗi suna da sashe, a yi tambaya guda a taƙaice cikin ladabi. Filin tambaya ba wurin gabatar da wata laccar ba ne.
(d) Bayan taro: a taƙaita jawabin cikin shafi ɗaya tun a ranar, a gwada shi da littattafan ɗakin karatu, a kai abin da ya shige duhu ga malamin kwas.

Haka kuma, ya kamata malamin gobe ya lura da dabarun mai jawabi: yadda ya buɗe magana, da yadda ya sarrafa murya, da inda hankalin jama'a ya fara watsewa. Duk waɗannan darussa ne na koyarwa da yake samu kyauta.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa laccar jama'a hanya ce ta haɗa ɗalibi da ilimin da ke wajen ajinsa. Kwaleji na iya ɗaukar nauyin kawo baƙo, amma shiri da rubutu da tambaya da tantancewa aikin ɗalibi ne. Wanda ya saba da su yana kan benci, shi zai iya koya wa yaransa su idan ya riƙe alli.

8.0 Auna Fahimta

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin laccar jama'a da laccar aji.
2. Mene ne aikin mai ta'aliƙi?
3. Bayyana bambancin kalmar gado da kalmar aro tare da misalai.
4. Halarci lacca guda a wannan zango, ka taƙaita ta cikin shafi ɗaya, sannan ka nuna magana ɗaya da ka bincika da abin da ka gano.