TSEREN MOTA: WA ZAI LEƘA CIKIN INJIN?

Duk wanda ya tashi a unguwar Fezzan ta birnin Maiduguri ba sai an gaya masa daɗin sukuwa ba, tun da ya sha ganin dawaki na tashin ƙura a Dandal ranar Sallah. Ya kuma san cewa a filin tsere ba a haɗa dokin gida da ingarman Sudan a ce gasa ake yi. Kowane doki da ajinsa, shekarunsa kuwa a haƙori ake dubawa.

To, yau samarinmu da yawa sun koma kan ƙarfe. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri cikin 2011, wasu suka gangaro Ikko da Badun neman abinci, suna ji da gani yadda ake wasa da mota. A gida ma, a Kano da Kaduna da Abuja, sai ka ga yara na juyi da mota ran biki a tsakiyar titi, abin da yakan jawo asarar rai. Masu hankali na cewa a ba su fili da doka. Gaskiya ne. Amma fa mota ba ta da haƙori, ƙarfinta a ɓoye yake cikin injin.

Tseren mota ba baƙonmu ba ne. Cikin 1974 ayarin da ya taso daga Landan ya ratsa Sahara ya iso Kano kafin ya juya zuwa Munik ta Jamus, an kuma daɗe ana haɗa tseren mota da bikin kamun kifi na Argungu. Abin da ya kamata mu koya shi ne yadda ake tsare ƙa'ida.

HANYOYIN MAGUƊI

Kowane bakanike ya san su. Ana ƙara faɗin silinda a sa fistan mafi girma, ana kankare kan injin domin matsin ya ƙaru, ana faɗaɗa hanyar da iska ke bi zuwa bawul. A motocin zamani kuma sai a taɓa kwamfutar da ke auna mai. Daga waje mota na nan yadda kamfani ya yi ta, sai an taka totur a ga bambanci.

Manya ma ba su tsira ba. Cikin 1995 aka kama 'yan tseren kamfanin Toyota a ƙasar Sifen. Doka ta ce a sa wani zobe mai faɗin milimita 34 a bakin turbo, watau na'urar da ke tura iska cikin injin, domin a rage mata ƙarfi. Su kuwa sai suka yi dabarar da iska ke kewaye zoben in an ɗaure, in an kwance kuma ba a ganin komai. Aka kore su shekara guda. A Amurka ma, cikin 2014, a gasar ƙasa ta 'yan sha'awa masu tuƙa Mazda Miata, an soke nasarar motoci shida na farko saboda aikin da aka yi wa kan injinansu.

YADDA AKE KAMA SU

Kafin tsere masu bincike sukan auna nauyin mota, su ɗaure kusoshin injin da waya su buga mata hatimi. Da an gama, sai a killace motocin da suka yi nasara, ba mai taɓa su. A ɗebi mai a gwada, a auna girman silinda ta ramin fulogi, in ta kama a kwance injin. Wanda ke zargin abokin karawarsa sai ya ajiye kuɗi tukuna. In an kwance ba a sami laifi ba, da kuɗinsa za a mayar da injin. Wannan shi ke hana ƙorafin hassada.

Sai dai duk wannan na bukatar kayan awo da ƙwararru, ƙaramin kulob kuwa ba shi da su.

DABARAR TALAKA

A nan ne mutanen Finlan suka yi hikima. Suna da wani tsere da suke kira ajin kowa da kowa, inda kowace mota na sayarwa ce a kan farashi guda da aka yanke. Bayan tsere, mai so sai ya taya. In masu so sun yi yawa a jefa ƙuri'a, wanda ya ƙi sayarwa kuwa a dakatar da lasinsa. To, wa zai zuba dukiyarsa cikin injin da wani zai ɗauka da yamma a farashin akwala?

A Amurka akwai makamancinsa da aka fara cikin 2006, inda kuɗin mota ba zai wuce dala 500 ba, ban da kayan kare lafiyar direba. In alƙalai suka ga ka zarce, kowace dala 10 sai a zabge maka kewaye ɗaya.

Jama'a, ga inda maganar take. In aka buɗe fili ba mai duba injin, ɗan mai kuɗi ne zai riƙa cinyewa kullum, tun da shi ke iya aikowa Ladifo a sayo masa abin da yake so. Yaron gareji da ya ga ba shi da rabo sai ya koma kan titi, inda ba alƙali, ba motar asibiti.

Saboda haka duk masu niyyar kafa kulob, a gida ko a nan Kudu, su fara da abu uku: a raba motoci aji-aji bisa girman injin, a naɗa mai bincike wanda ba shi da mota a cikin tseren kuma ba ya yi wa ɗan tsere gyara, sa'an nan a yanke farashi irin na Finlan. A rubuta hukunci tun kafin a tayar da injin, ya hau kan ɗan kowa. Allah ya tsare mana matasanmu, amin.