Madaoua, Bouza, Keita: Yadda Mai Karatun Ingilishi Zai Furta Sunayen da Aka Rubuta da Ƙa'idar Wani Harshe

1. Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba wata matsala da ke tasowa duk lokacin da malaman jami'a na Nijar suka haɗu da takwarorinsu na Nijeriya ko na Ingila da Amurka a wurin taron ƙara wa juna sani, wato furucin sunayen mutane da na garuruwa. Za mu ɗauki misalanmu daga gundumomin Madaoua da Bouza da Keita na jahar Tahoua, sa'annan mu kwatanta su da sunayen iyali na Filamawa, mutanen arewacin Beljiyam masu magana da harshen Holan, domin matsalar iri ɗaya ce. Batun ya ƙara nauyi tun shekarar 2025, lokacin da sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Abin da muke son nunawa shi ne, gurɓatar furucin suna iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa daga iyakar harshe, wato mai magana ba shi da sautin a harshensa na gado. Akwai kuma wadda ke zuwa daga ido, wato mai karatu ya karanta suna da ƙa'idar da ba da ita aka rubuta shi ba. Ta farko tana da uzuri. Ta biyu kuwa ana iya gyara ta a zama ɗaya, kuma gyaranta aikin malami ne.

2. Darasi daga sunayen Filamawa

Ɗaliban adabi sun san Maurice Maeterlinck, haifaffen birnin Gand, wanda ya samu kyautar Nobel a shekarar 1911. Ɗaliban kimiyyar harshe kuma sun san A. E. Meeussen, wanda ya yi aiki a gidan tarihi na Tervuren, kuma aka laƙaba wa wata dokar karin sauti ta harsunan Bantu sunansa. Haka nan Gustaaf Hulstaert, masanin harshen Mongo na ƙasar Kwango. Sunayen nan uku duk na Filamanci ne, kuma kowanne yana da tarko ga baƙo.

Haɗin wasulan ae a tsohon rubutun Filamanci dogon a ne kawai. Saboda haka gaɓar farko ta Maeterlinck maa ce, gaɓar ƙarshe ta Hulstaert kuma tana da dogon a. Amma a Faransa an saba cewa me, mai Ingilishi kuma ya kan ce mei. A sunan Meeussen, eeu dogon e ne da w a bayansa, kusan meew, alhali mai Ingilishi da ya ga ee zai ce mii. Haka kuma oe a wannan harshe u ne, ck kuma k ne.

Dalilin wannan rikici na tarihi ne. Faransa ta mamaye ƙasar a shekarar 1795, ta kafa rajistar haihuwa da aure da mutuwa a shekarar 1796, sai sunayen iyali suka daskare yadda magatakarda suka rubuta su. Da aka daidaita rubutun harshen a Beljiyam a shekarar 1864, kalmomin yau da kullum sun bi sabuwar ƙa'ida, aa ta maye gurbin ae, amma sunayen mutane suka tsaya a tsohuwar.

Duk misalan nan kuskuren ido ne, domin Ingilishi da Faransanci da Hausa duk suna da a da u da k. Amma sautin uy na sunan ɗan ƙwallon nan De Bruyne babu shi a Ingilishi da Hausa. A nan iyakar harshe ce, kuma ba a neman kowa da abin da ya wuce ya kusanto.

3. Yadda aka rubuta sunayen Adar

Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a shekarun 1898 da 1904 da 1906 su ne suka raba ƙasar Hausa biyu. Sunayen arewacin iyaka suka shiga hannun magatakardan Faransa, na kudu kuma suka shiga hannun Ingilishi. Suna ɗaya ya zama Ousmane a Madaoua, Usman a Sabon Birni, alhali tafiyar ba ta da nisa. Taron Bamako na shekarar 1966 da na Yamai na shekarar 1980 da dokar ƙa'idojin rubutu ta Nijar ta shekarar 1999 sun daidaita rubutun Hausa, amma ba su taɓa takardun haihuwa da taswirori ba. Abin da ya sami Filamawa shi ya sami Adarawa.

Ga muhimman ƙa'idojin da magatakardan suka bi:

(1) ou yana wakiltar u tsakanin baƙaƙe, w kuma kafin wasali: Bouza, Buza, Madaoua, Madawa.

(2) gu kafin i ko e, g ne zalla: Sabon-Guida, Sabon Gida, Bangui ta gundumar Madaoua, Bangi.

(3) ss tsakanin wasula ba ya nuna tagwan baƙi, an ninka shi ne don kada Bafaranshe ya karanta z: Moussa, Musa.

(4) e na ƙarshe maras alama ba a furta shi, aikinsa ya hana n narkewa cikin wasali: Ousmane, Usman, Ibohamane, Ibohaman. Amma é mai alama ana furta shi: Tamaské, Tamaske.

(5) ch shi ne sh, tch shi ne c, dj shi ne j: Aïchatou, A'ishatu, Djibo, Jibo.

Mai karatun Ingilishi yana tuntuɓe a kan kowace ɗaya. Ya kan karanta Bouza kamar Bauza, Guida kamar Gwida, ch kuma kamar c. Sunan Keita ya kan zame masa Kita, domin ei a harshensa sau da yawa dogon i ne, alhali auren wasali ne irin wanda Hausa ke rubutawa ai. Madaoua kuwa, jerin wasula huɗu ya kan sa shi cije harshe, ko da yake gaɓoɓi uku ne masu sauƙi: ma, da, wa. Wata illa kuma, rubuce-rubucen Ingilishi sukan zubar da alamar kan é, sai mai karatu ya rasa bambancin e na Tamaske da e na Ibohamane.

4. Misalin Ader Doutchi Maggia

Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a shekarar 1984 da kuɗin gwamnatin Italiya da hannun hukumar FAO, ya yaɗa wannan suna a duniya. Kalmominsa uku kowace tana da abin lura.

Ader shi ne Adar. A shekarar 1975 aka buga littattafai biyu a jerin Études nigériennes: Djibo Hamani ya rubuta Adar, Nicole Échard ta rubuta Ader. Bernard Caron ma Ader ya rubuta a nazarinsa na karin harshen yankin na shekarar 1991. Ɗalibin da ya nemi ɗaya kawai a ɗakin karatu zai rasa rabin abin da yake nema.

Doutchi shi ne dutsi ko dutse. A nan magatakarda bai yi kuskure ba ƙwarai, domin a Hausar yamma ts kafin i ko e ya kan koma wani c mai tsartuwa. Abin da ya ji ya rubuta, sai dai ya rasa alamar tsartuwar. Wannan ya nuna mana cewa rubutun Faransanci wani lokaci shaida ne na karin harshe, bai kamata a share shi da sunan daidaitacciyar Hausa ba. Haka f ya kan zama h ko hw a bakin Adarawa, ta yadda sunan tsohon shugaban ƙasa Issoufou, wanda ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021, za a ji shi Isuhu.

Maggia kuwa Majiya ce, da sautin j. Mai Faransanci ko Ingilishi da ya bi idonsa zai ce g. Rahotannin Ingilishi a kan aikin dashen itatuwan kare iska da ƙungiyar CARE ta fara a kwarin, cikin gundumar Bouza, a shekarar 1975, Majjia suke rubutawa. Kwari ɗaya, rubutu uku. Mai nazarin zaizayar ƙasa da bai san haka ba zai zaci wurare daban ne.

Akwai kuma akasin wannan, wato rubutu ɗaya, abubuwa biyu. Bangui ta Madaoua ba ita ce babban birnin Afirka ta Tsakiya ba, kuma kamar da ke tsakanin garin Keita da sunan zuriyar Keïta na Mali ba hujja ba ce ta dangantaka.

5. Abin da ke iyakar harshe

Rubutun Faransanci ba ya nuna ɓ da ɗ da ƙ, ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Mai Ingilishi kuma, ko an rubuta masa su, ba zai iya furta baƙaƙe masu ƙugiya ba sai da horo. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, kamar yadda Bahaushe ke cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu ya ce Faransa, ba wanda ya zarge shi. Abu ɗaya da za mu roƙa daga mai Ingilishi shi ne ya bar ɗabi'ar harshensa ta danna gaɓa guda da raunana sauran. Ya ba kowace gaɓa cikakken wasalinta.

6. Shawarwari

Na farko, a sunan mutum, furucin mai suna shi ne hujja. Jikan Bafilame da aka haifa a Amurka yana iya kiran sunansa yadda kakansa ba zai gane ba, kuma nasa za a bi. Haka ɗan Madaoua da ya girma a Sakkwato.

Na biyu, in mai suna ba ya kusa, a tambaya da ƙa'idar wane harshe aka rubuta sunan, a karanta shi da ita.

Na uku, a rubuce-rubucenmu kada a canza rubutun hukuma na sunan mutum, domin da shi ake nemansa a ɗakunan karatu, da shi kuma takardunsa ke aiki. Amma a ambaton farko a biyo shi da rubutun Hausa. A yi wa sunayen Turawa haka nan.

Na huɗu, ɗaliban da ke zuwa bincike a Adar su ɗauki sunayen ƙauyuka daga bakin ƴan gari, su sa alamun tsawo da na karin sauti, su kuma jera dukan rubuce-rubucen suna ɗaya a fihirisar kundinsu.

7. Kammalawa

Mun ga cewa Maeterlinck da Madaoua ciwo ɗaya ke damunsu: an rubuta su da wata ƙa'ida, ana karanta su da wata. Ƙa'idoji biyar da muka jera sun isa su warware mafi yawan sunayen gundumomin nan uku. Abin da ya rage shi ne tsawon wasali da karin sautin sunayen ƙauyukan Madaoua da Bouza da Keita, kuma wannan aiki ne na fili da muke fatan ɗalibanmu za su ɗauka.