Jinin tsoho ba ya tsufa

Duk wanda ya je bayar da jini a asibitocinmu, shekarunsa ake fara tambaya, sannan a ɗora shi kan sikeli. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Najeriya ke bi, ita ce mutum ya kai shekara 18, kada ya wuce 65, nauyinsa kuma ya kai kilo 50.

Da yawa sun ɗauka ana mayar da dattijo ne saboda jininsa ya gaji. Ko kusa. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 kawai suke yi su mutu, ɓargo ya ƙera sababbi, saboda haka na ɗan shekara 70 da na jikansa sa'annin juna ne. Lafiyar dattijon ake ji wa tsoro: hawan jini, ciwon zuciya, da magungunan da yake sha. Shi ya sa wasu ƙasashe suka sassauta. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ba ta da iyaka ta sama muddin mutum lafiyayye ne, Jamus ma ta cire tata a 2023. A ganina sun yi daidai, matuƙar akwai likitan da zai duba mutum da kyau.

Iyaka ta ƙasa kuwa ta fi hujja. Leda ɗaya mililita 450 ce, jikin babba kuwa yana ɗauke da kimanin lita 5. Idan aka ɗebi wannan adadi a jikin yaro ko siririn mutum, giɓin ya yi yawa, sai jiri, wani lokaci har suma.

Mai juna biyu da mai jego ba a ɗibar nasu, haka mai zazzaɓi da mai sikila, amma mai AS yana iya bayarwa idan gwaji ya nuna jininsa ya isa. Namiji sai bayan wata uku zai sake, mace bayan wata huɗu. Kowace leda sai an gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere.

A nan ake samun matsala, domin mu galibi sai mace ta zubar da jini wajen haihuwa ake fara neman 'yan'uwa. A tara su, gwaji ya zubar da wasu, dangi su koma wajen masu sayarwa a bakin asibiti, waɗanda ba lallai su faɗi gaskiyar ranar da aka ɗebi nasu na ƙarshe ba.