Kwaikwayo da Shaida: Yadda Fim ke Sarrafa Abin da ya Faru

1.0 Gabatarwa

Masu shirya finafinai kan bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu idan za su gabatar da wani abu da ya faru haƙiƙa. Ta farko ita ce a tsara labari, a ba 'yan wasa su kwaikwayi waɗanda abin ya faru a kansu. Ta biyu kuwa, a tattaro hotunan ainihi da bayanan ganau. A wannan maƙala za a kira na farko fim ɗin kwaikwayo, na biyu kuma fim ɗin shaida. Manufarta ita ce ta nuna cewa bambancinsu bai tsaya ga gaskiya da ƙirƙira ba, ya shafi wanda aka ba bakin magana da harshen da ya yi ta. Za a kafa hujja da misalai biyu, ɗaya daga ƙasar Tailan, ɗaya daga ƙasar Hausa.

2.0 Ceton Kogon Tham Luang

Ranar 23 ga Yuni, 2018, ambaliya ta rutsa da yara 'yan ƙwallo 12 da mai horar da su a cikin kogon Tham Luang. Masu nutso biyu 'yan Birtaniya, Rick Stanton da John Volanthen, suka gano su ranar 2 ga Yuli, aka fito da su daga 8 zuwa 10 ga watan, bayan likita Richard Harris ya yi musu allurar sa barci. Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasa ransa a wajen aikin.

Fim ɗin shaida mai suna The Rescue (2021) ya dogara ga hotunan sojojin ruwa da hira da masu nutson. Duk da haka, babu hotunan ainihin fito da yaran ta ƙarƙashin ruwa, don haka sai aka sa masu nutson suka maimaita aikin a wani tafkin ɗaukar fim a Ingila. Haka kuma ba a yi hira da yaran ba, domin kamfanin Netflix ne ya mallaki haƙƙin labarinsu. Shi kuwa Thirteen Lives (2022) na Ron Howard, kwaikwayo ne da aka ɗauki mafi yawansa a Ostareliya, kuma ruwansa ya fi na kogon haske, saboda mai kallo ya ga abin da ake yi. Amma ya bar 'yan ƙasar suna magana da harshensu. Ke nan fim ɗin shaida ya ari kwaikwayo, na kwaikwayo kuma ya riƙe wata gaskiya ta harshe.

3.0 Sarauniyar Lugu

A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa kudancin Nijar ta yau, tana ƙone garuruwa, ta kuma yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. A watan Afrilu ta gwabza da Aznan Lugu, kusa da Dogon Dutse, waɗanda Sarauniya Mangu ke jagoranta. Rahotannin Faransawa ba su ba ta fili mai yawa ba. Abdoulaye Mamani ne ya ɗaukaka ta a littafinsa na Faransanci a 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim mai suna Sarraounia a 1986. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987.

Abin lura a nan shi ne, a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, 'yar ƙasar, Aï Keïta, ita ta fito a matsayin Sarauniya, kuma Jula da Fulatanci da Faransanci ne suka mamaye maganganun. Mutanen Lugu kuwa Hausa suke yi. Fim ɗin ya ba Afirka jaruma, amma jikokin jarumar sai an yi musu tafinta kafin su ji ta.

African Apocalypse (2020) na Rob Lemkin ya bi hanyar shaida. An bi sawun rundunar gari-gari, dattawa suna faɗin abin da suka ji daga kakanni da Hausa. Sai dai mai jan zaren labarin, Femi Nylander, daga Ingila ya zo, da Turanci yake bayani, kuma shi ke ɗora bayanan nasu a kan ma'aunin wani littafin Joseph Conrad. Daga baya tashar Arewa24 ta nuna fassararsa ta Hausa.

4.0 Abubuwan da aka Gano

Na farko, babu ɗayan nau'o'in biyu da ya tsira daga zaɓe da tacewa. Na biyu, haƙƙin mallaka da kuɗi da wurin ɗauka su ke yanke wanda za a ji muryarsa. Na uku, harshe da kansa shaida ne. Bayanin dattijon Ƙonni yana ɗauke da karin harshen yamma, da zaɓen kalmomi, da alkunya wajen ambaton matattu, waɗanda gajeriyar fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ba ta iya ɗauka. Cewa Hausa na iya riƙe babban fim ba abin musu ba ne, domin tun 1976 Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar da ita, daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, ɗan ƙasar Bauci.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kwaikwayo kan cike giɓin da hoto bai kama ba, shaida kuma kan adana muryar da kwaikwayo ke iya sauyawa. Ya kamata masana harshe su riƙa ɗaukar hirarrakin da ke cikin finafinan shaida a matsayin matani na adabin baka, su juye su a rubuce yadda aka furta su, su kwatanta da fassarar da aka yi musu. Ta haka za a gane abin da ya salwanta tsakanin bakin mai magana da kunnen mai kallo.