Kundin da Manhaja Ke Rubutawa a Bayan Fage

Mai POS a bakin tashar Tambuwal ya zura katinka, na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba, sai ga saƙon banki wai an cire maka naira 20,000. Gardama ta kaure. Mai raba ta ba ya ma garin. Wani mai haɗa manhaja ne a Legas ko Abuja, kuma log zai buɗe, wato kundin da manhaja ke rubuta duk motsinta a ciki.

Bayanin ciniki guda tari ne, wani cikin wani: kuɗi nawa, ƙarfe nawa, wace na'ura, me banki ya amsa, cikin amsar kuma ga lambar dalili. Idan manhaja ta amayo shi a dunƙule, sai mai dubawa ya sha wahala kamar mai tsintar tsakuwa a buhun gero. Shi ya sa harshen Python ke da pprint, tsarin JSON kuma ana iya baje shi: kowane bayani da layinsa, na ciki ya ɗan matsa gaba, kallo ɗaya ka gane uwa da 'ya'yanta.

Sai dai abin da ya yi wa ido daɗi yakan ba na'ura ciwon kai. Ɗauki rahoton wata-wata na asibitocin Kebbe da ke shiga DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da Najeriya ke tara alƙaluman lafiya da ita. Rahotanni daga ko'ina suke kwararowa lokaci guda. In kowanne ya baje a layi talatin cikin log, layukan wannan na iya sarƙewa da na wancan, kayan bincike irin grep kuma layi-layi suke karatu. Za su kawo maka layin da ya ce an samu kuskure, su bar sunan asibitin can sama. A ganina gara a adana kowane lamari a layi ɗaya na JSON, da lokacinsa da lambar shaidarsa, ranar da ake son karantawa a baje shi da manhajar jq.

Ga kuma gangancin da aka fi yi: juye bayanin gaba ɗaya don sauƙi. Tare da shi BVN ɗin mutum ko cutar da ke damunsa ke faɗawa kundin da ma'aikata da yawa ke leƙawa, alhali Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan alhakin tsare su. Lambar sirri ba a rubuta ta sam. Ta kati kuwa, a rufe ta a bar huɗun ƙarshe, sun isa a gano cinikinka.