Me Ya Sa Raket Mai Kauri Ya Fi Bugu?

A 1987 kamfanin Wilson ya fito da wani raket ɗin tanis mai suna Profile, ƙirar wani Bajamushe, Siegfried Kuebler. In ka dube shi ta fuska, ba wani abin mamaki. Juya shi ta gefe, sai ka ga kaurinsa ya ninka na raket ɗin da aka saba riƙewa, ga shi sandararre, ba ya ko lanƙwasa. Amma dattawan da ƙarfinsu ya ja baya suka riƙa jefa ƙwallo da shi har ƙarshen fili.

A nan hankali ya tsaya. Duk wanda ya taɓa ɗana baka ya san lanƙwasa ce ke harba kibiya. To me zai hana siririn raket mai lanƙwasa ya fi harba ƙwallo?

Bakin zaren yana wajen lokaci. Ƙwallo ba ta wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 1,000 na sakan a kan igiyoyin raket. Siririn firam yana lanƙwashewa baya idan ta dake shi, amma kafin ya miƙe ya dawo, ƙwallon ta yi gaba. Ƙarfin da ya haɗiye bai koma mata ba, ya zama karkarwa a hannun mai bugu. Kibiya tana jiran baka ya miƙe. Ƙwallo ba ta jira.

Saura igiyoyin. Su kam suna miƙewa a kan kari, suna mayar da kusan duk ƙarfin da suka karɓa. Ashe aikin firam shi ne ya tsaya ƙyam ya bar igiya ta yi harbin.

Me ya haɗa wannan da kauri? Ɗauki rula ta ɗan makaranta. A kwance tana lanƙwasa cikin sauƙi, amma tsayar da ita ta gefe ka gwada, sai dai ta karye. Kafinta ya san haka, shi ya sa yake kafa katakon rufi a kan gefensa. In an ninka kaurin katako sau biyu, taurinsa yakan ninku sau takwas. Raket ɗin katako ba zai yi wannan kauri ba sai ya gagari ɗauka. Da aka samu girafayit, wanda ake ƙerawa da rami a ciki kamar bututu, sai kauri ya samu ba tare da nauyi ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne manyan ’yan wasa ba su ruga wajen raket mai kauri ba. Pete Sampras ya ci manyan kofuna 14 da siririn Pro Staff mai kaurin milimita 17 kacal. Shi ba ƙarfi ya rasa ba. Saiti yake nema, don a hannu irin nasa raket mai tauri zai iya tura ƙwallo bayan layi. Ga kuma wani farashin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: firam mai tauri kuma maras nauyi yana kai jijjigar bugu kai tsaye zuwa gwiwar hannu, kuma ina ganin duk mai fama da ciwon gwiwar hannu ya kamata ya yi tunani kafin ya ɗauke shi. Sampras ta wata hanya ya samo ƙarfinsa: ya liƙa wa siririn raket ɗinsa dalma ya ƙara masa nauyi.